Gadar da Nake Nema a Majalisa

Bismarck, 9 ga Fabrairu, 1915

Zuwa ga matata Gudrun,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ke da yara? Tarin Inna ya lafa? Jar saniyar nan ta haihu kuwa?

Ni lafiya lau nake, kada ki damu. Zama ne dai ya ishe ni. Wuni guda kan kujera, ƙafafuna sai ƙaiƙayin gona suke yi.

Jiya na tashi a majalisa kan maganar gadarmu. Ina cikin magana, wani lauya mai suna Whitcomb ya ce, "Manomi, koma ka tatsi shanunka!" Aka kwashe da dariya. Na ce, "Ranka ya daɗe, bara likita ya tsaya a wancan ƙetaren kogi don babu gada, ɗana Anders yana mutuwa a wannan." Ki yafe mini, na ambaci sunansa gaban baƙi.

Jibi za a kaɗa ƙuri'a, saura goyon bayan mutum uku nake nema. Ki aiko mini da safar ulu, ki sa ni a addu'a. In maganar gadar ta faɗi, ki gaya wa maƙwabta ban yi shiru ba.

Allah ya tsare mini ku.

Mijinki,
Torvald