Goyon Oom Stoffel

Litinin, 3 ga Yuli

Hazon teku bai ɗaga ba sai da rana ta raba. Muka zauna a rumfar jirgi muna shan shayi, abokin aikina Axaro yana naɗe laimar dirowa daga jirgi yana waƙa da muryar nan tasa mai kama da ta akuyar da aka taka wa wutsiya. Da sama ta buɗe na yi goyo biyu. Meme, mahaifiyata, har yau ba ta gane wane irin goyo ne ake ɗaure ƙaton mutum a ƙirji a diro da shi daga jirgi ba. Baƙuwar farko ta yi ihu tun daga ƙofa har ƙasa, tana dira ta rungume ni, wai a sake. Kunnena na hagu har yanzu yana ƙara.

Saƙo ya zo daga wata makarantar koyon dirowa daga jirgi a ƙasar Sifen. Suna so in je in koyar da tashi da rigar fuka-fukai, daga Satumba. Ni, Ndeshi, da na baro Ondangwa da jaka ɗaya! Ban gaya wa kowa ba tukuna.

Laraba, 5 ga Yuli

Oom Stoffel, dattijon da ke tuƙa jirginmu (Oom ɗin kawu ne da yarensu), ya dawo daga wurin likita a Windhoek. Idanu ne. Takardar izininsa ta tuƙi za ta ƙare a ƙarshen wata, kuma ba za a sabunta ba. Yana duba man jirgi ya faɗa mana, bai ma ɗago kai ba: "To yara, ku fara neman wani jakin da zai riƙa hawa da ku."

Ba wanda ya yi dariya. Shi ke kai mu sama tun rumfar nan ba ta da rufi. Wiebke, duk da ita ce mai ƙungiyar kuma ba ta rasa magana, ta shige ofis ta rufo ƙofa.

Asabar, 8 ga Yuli

Gashin nama da yamma, kamar kowace Asabar. Tannie Mariet, matar Oom, ta kawo burodinta, ta ja ni bayan mota. Wai mijinta ya ce zai koma gonar ƙaninta a Karibib ya riƙa kallon awaki. "Mutumin da bai san akuya da tunkiya ba! 'Yata, bushewa zai yi a can kamar kilishi. Ku yi wani abu." Me za mu yi? Ba mu da idon da za mu ara masa.

Axaro dai ya samu abin tsokana. Wai Oom ya yi shekara da shekaru yana zubo da mutane daga sama, shi bai taɓa dirowa ba ko sau ɗaya.

Oom ya ce, "Mahaukaci ne kawai ke fita daga jirgin da lafiyarsa lau."

"Tsoro ne, Oom, faɗi gaskiya."

"Tsoro? Ni na ɗauke ka ranarka ta farko. Sai da aka wanke bayan jirgi da omo."

Wiebke ta yi dariya har ta ƙware. Ni ma. Da na waiwaya sai na ga Oom yana kallon jirgin, naman yana sanyi a hannunsa.

Lahadi, 9 ga Yuli

Iskar gabas. Yashi har cikin haƙora. Ba tashi.

Alhamis, 13 ga Yuli

Ranar da ba na so ta ɓace mini, shi ya sa nake rubutawa tun ban yi wanka ba.

Mu uku muka sa rigar fuka-fukai, ni da Wiebke da Axaro, tashin ƙarshe kafin rana ta faɗi. Muka fita a jere, muka buɗe hannuwa, rigar ta cika da iska, muka miƙa kudu. Tuddan yashi ja wur a hagu, teku a dama, layin kumfa fari a tsakani kamar an ja shi da alli. Axaro yana ƙasana kaɗan, ina hango haƙoransa. Sai ga jirgi can gefe, nesa da mu, yana gangarowa tare da mu. Oom ya karkaɗa mana fuka-fukan jirgin, dama, hagu, dama. Bai taɓa yi ba. Kullum cewa yake jirgi ba abin wasa ba ne.

Na yi ihu cikin hular kwano, ba mai ji sai ni.

Sabuwar matuƙiya ta iso, Kavena, 'yar Okahandja. Ƙarama, ba ta da surutu. Oom yana zaune gefenta yana mita, ita kuwa "To, Oom" kawai take cewa, ta ci gaba da yin abin da ta sani.

Juma'a, 21 ga Yuli

Ina ɗinke hammatar rigata Oom ya zo ya tsaya a kaina, yana juya hularsa a hannu.

"Igiyoyin nan naku, suna ɗaukar mai tumbi irin nawa?"

Na ce mun sha ɗaukar wanda ya fi shi.  Sai ya ce yana so a goye shi, amma ba Axaro ba, zai yi masa waƙa a kunne ya mutu kafin a kai ƙasa. "Ke nake so. Na daɗe ina kallon saukarki daga sama. Ba kya gaggawa."

Allura ta soke ni. Na ce to, kamar dai shayi ya ce in miƙo masa.

Na goyi mutane ba adadi, amma ban taɓa goyon wanda na sani haka ba. In wani abu ya... a'a. Ba zan rubuta ba.

'Yan Sifen sun sake tuntuɓa. Suna son amsa kafin tsakiyar Agusta.

Asabar, 29 ga Yuli

An yi!

Da safe Oom ya yi tuƙinsa na ƙarshe, ya sauke jirgin a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Muka jeru muka yi masa tafi, ya ce mu daina shirme. Sannan na sa masa ɗamara. Tumbin ya shiga, da ƙyar. Tannie Mariet ta zauna a kujerar roba tana saƙa, ta ce ba za ta kalla ba.

A cikin jirgi, mutumin da ya saba zama gaba yau ga shi a ƙasa tsakanin ƙafafuna, yana ta leƙen Kavena. "Yarinya, hancin ya yi sama da yawa." "To, Oom." "Kin duba mai?" "Oom, yau kai kaya ne," in ji Axaro, "kaya ba ya magana."

Aka buɗe ƙofa. Ina jin bugun zuciyar Oom ta bayansa. Ya leƙa ƙasa ya ce wani abu da yarensu, ina jin addu'a ce, ko zagi. Na ce, "Oom, ɗaga kai, naɗe ƙafa." Muka fita.

Bai yi ihu ba. Ya buɗe hannuwa yadda na koya masa, kumatunsa suna kaɗawa, Wiebke tana gabanmu da kyamara tana yi masa gwalo. Da lokaci ya yi na ja igiyar buɗe laima. Laima ta fita, amma igiyoyin sun murɗe a saman kaina kamar kitso, muka fara juyawa. Abin da nake koya wa ɗalibai kullum ne, ba sabon abu ba. Amma wallahi yau hannuna har ya kai kan abin da ake ja a yar da babbar laima a buɗe ta ko-ta-kwana.

Sai na ji muryarsa, irin wadda yake magana da ita a rediyon jirgi, ba rawa ko kaɗan: "Muna da tsayi, 'yata. Kada ki yi gaggawa. Me zan yi?"

Na duba agogon tsayi. Gaskiyarsa. Na ce ya harba ƙafa tare da ni, zuwa hagu. Muka yi ta harbin iska, ni da tsoho, kamar jakai biyu a buhu ɗaya. Murɗin ya warware ɗaya bayan ɗaya, laima ta baje ta zauna daram.

Shiru. Ba inji, ba komai, sai ɗan kaɗawar ƙyalle.

Can ya ce, "Ashe haka sama take in an kashe inji." Na ba shi igiyoyin tuƙi. Ya juya mu dama, ya juya hagu, a hankali, sannan ya fashe da dariya irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba. Ya nuna mini rufin gidansa, da inda ya fara koyon tuƙi, da wata mota a hanyar Walvis da ya ce direbanta bai iya ba.

Muka sauka a zaune, muka share yashi da ɗuwawu. Tannie da ta ce ba za ta kalla ba ita ta fara isowa, takalmi ɗaya a ƙafa, zaren saƙa yana biye da ita. Ta dake shi a ƙirji, ta sumbace shi, ta sake dukansa. Axaro ya tuna masa al'ada, duk wanda ya yi na farko shi ke sayen abin sha. Oom ya ce ya riga ya sa a firji tun jiya.

Tun jiya! Ashe bai taɓa shakkar zai fita ba. Ni ce dai mai shakkar.

Lahadi, 30 ga Yuli

Cinyoyina kamar an yi mini duka. Na gaya wa Wiebke zancen Sifen. Ta daɗe tana goge gilashin kyamara, sannan ta ce, "Je ki mana. Irin wannan ba ya zuwa sau biyu." Na so ta ce kada in tafi. Ko ban so ba? Oho.

Talata, 1 ga Agusta

Na shiga ajin sababbin ɗalibai, yara uku 'yan jami'a, sai ga Oom a kujerar gaba da sabon tabarau. Na ce, "Oom, ka ɓata hanya ne?" Ya ce ya zo koyon dirowa shi kaɗai, likita ya yarda, Tannie ma ta ce ya fi awaki. Har da tambayar yaushe zai sa rigar fuka-fukai. Na ce sai ya yi tsalle ɗari biyu da kansa. Ya ce, "To me muke jira? Fara karatu, Malama."

Ya fi yaran nan tambaya. Kuma yana gyara mini bayanin iska, abin haushin ma daidai yake faɗa.

Asabar, 12 ga Agusta

Yau Oom ya diro da laimarsa, ni riƙe da shi ta dama, Axaro ta hagu. Ya ja da kansa a kan lokaci. Ƙafafun ne dai, yana lanƙwashe su kamar mai zaman kujera. Saukarsa kuwa sai da ya ci yashi, ya tashi yana tofarwa yana cewa iska ce ta canza. Iska ba ta canza ba.

Na ba 'yan Sifen amsa da safe. Na ce bana ba zai yiwu ba. Wiebke ba ta da haƙurin koyar da shi, Axaro kuma wasa ya yi masa yawa, dole wani ya gyara ƙafafun nan. Shi ke nan dalili. Da zarar ya iya sauka a tsaye zan sake tunani.

A hanyar gida na tsaya na sayi fenti, shuɗi. Ɗakin nan nawa dai yana buƙata, ko wa zai zauna a ciki.