Gilashin Yaya Yana Cikin Akwatunan

Litinin, 3 ga Maris
An kawo akwatunan tsofaffin gilasai daga ma'ajiya. Naman matan da aka yi wa aikin kansar mama ne a asibitin nan shekarun baya, an yanka siriri, an shimfiɗa a kan gilasan, an rina. Aikina in ɗora kowanne a maikuroskop, na'urar ƙara girman ƙananan abubuwa, in ɗauki hoto, manhaja ta ƙirga ƙwayoyin da suka kama rini mai ruwan ƙasa. Wadda nata ya kama da yawa, ita ce wani magani mai ƙarfi yake yi wa aiki. A da, da ido ake kimantawa. Likita, shugabar sashenmu, tana so a gano ko idon ya riƙa yin kuskure.
A cikin shekarun nan aka yi wa Yaya aiki, Allah ya jiƙan ta, kuma a nan. Ban faɗa wa kowa ba.

Laraba, 5 ga Maris
Babu suna a jikin gilasan, lamba ce kawai. Nata yana ciki, ban san wanne ba.
Lokacin cewa aka yi nata bai kama ba, don haka ba a ba ta maganin ba. Ina tuna ta a gado tana tsokanata: "Autar Inna mai boko, ashe har rini ya raina ni."

Alhamis, 6 ga Maris
Dogo, abokin aikina, ya kafa layin iyaka a manhajar, wato duhun da ƙwaya za ta kai kafin a ce ta kama. Duk wadda ta haye, sai a zagaye ta da ja. Ya ce, "Kar ki taɓa shi, ko aljani ne ya roƙe ki." Na yi dariya don kar ya tsargu.

Talata, 11 ga Maris
Wasu da ido ya ce ba su kama ba, manhaja ta ce sun kama. Allon ya cika da jajayen zobba.
Kowane hoto sai na tsaya ina neman Yaya a ciki, sai ka ce nama yana da fuska. Shuɗi ne da ruwan ƙasa, shi ke nan. Amma yau a ɗakin na'ura na ji ƙamshin man da take shafawa, har na waiwaya. Tsoro nake ji, kuma haushin kaina nake ji.

Juma'a, 14 ga Maris
Na ja layin. Kaɗan. Zobban suka ɓace, gilashin ya koma "bai kama ba". Na yi wa na gaba haka, da na gabansa. Wallahi sanyi na ji a raina. In babu wadda aka yi wa kuskure, ita ma ba a yi mata ba.

Talata, 18 ga Maris
Dogo ya gane. "Ke, wa ya taɓa mini layi?" Na ce hannuna ne ya zame. Ya ce hannun nan kuwa gefe ɗaya yake zamewa.
Na je na faɗa wa Likita komai. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce in sake duk waɗanda na taɓa, Dogo ya duba bayana. Lambar Yaya kuwa ba za ta buɗe mini ba, sai dai in Inna ce ta nemi a sake duba na 'yarta.

Lahadi, 23 ga Maris
Na samu Inna tana ninke wanki, na yi mata bayani a hankali. Ta ci gaba da ninkinta, ta ce:
"In an gano sun yi kuskure, me za a yi mata?"
Na ce babu, sai dai a gyara wa masu zuwa.
"To ki ƙirga musu daidai. Ni ba na son sani."
Na miƙe zan fita ta kira ni. "Auta, wurin da suka ajiye ta, da tsabta?"
Na ce da tsabta, Inna. Na shiga banɗaki na yi kukana.

Alhamis, 27 ga Maris
Na gama sake su. Wani gilashi ya haye layin da ƙyar, na bar shi yadda ya zo, na wuce na gaba. Kowanne sai na goge shi tas kafin in mayar, har Dogo yana cewa ko ɗakin amarya nake jerawa.
Sai da na rufe akwatin ƙarshe na tuna yau ban nemi Yaya a ciki ba. Na ɗan zauna, hannuna a kan murfin. Ban sani ba ko ya kamata in ba ta haƙuri.