Layin Laka a Bango

Fumie,

Na tafi aro injin zuƙe ruwa wurin ƙanena, ban tashe ki ba.

Kada ki taɓa layin lakar da ambaliya ta bari a bango. Yau mutumin inshora zai zo, da shi zai gane ruwa ya hau kan tabarminmu. Jiya matar Kuwabara ta goge nasu tas, wai kunyar baƙo take ji. Mutumin ya duba ya ce, "Baba, gidan nan ai bai ga ruwa ba."

Bayana ya gaji, ba ni da ƙarfin jayayya da kamfani. Ki ba shi shayi cikin lakar nan. Na san halinki, shi ya sa na tafi da tsummokaran duka.

Shigeharu