Kafin a Toshe Bututun Hayaƙi

Glenamoy,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga 'yata Dervla,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Cathal da yara. Tarin 'yar autarki ya sauka? Nan gida ni lafiya lau, ƙirjina ya daina kuka tun da aka sa injin ɗumin nan. Gwaggonki Attracta ƙafa ta hana ta zuwa coci. Kare ya tsufa, sai barci. Babanki jikinsa garau, yana cin dankalinsa, tunanin ne dai kullum ƙara nisa yake yi.

Za ki ce me ya hana ni buga waya. A waya kina da sauri, ni kuma sai in yi ta cewa to. Ki yi haƙuri da rubutun. Hannun da ya koyi riƙe biro bayan furfura ta fito ba ya tafiya a kan layi.

Injin da kika sa mana ba shi da laifi. Yana can bayan gida yana juya fankarsa, wai daga cikin iskar sanyi yake tsamo ɗumi. Nakan tsaya a taga in yi ta kallonsa, ina tunanin ko raguwar ranakun zafin da suka wuce ne yake tattaro mana daga kan teku. Ƙarafan jikin bango ba sa zafi, ɗumi ne kawai irin na ƙwan da kaza ta tashi a kai. Bangon ɗakinki da ya yi shekaru yana gumi ya bushe. Da farko babanki yakan kashe injin in za mu kwanta, kamar yadda ake rufe wuta da toka, gari ya waye gida kamar rijiya. Yanzu na rataya hoton bikinki a kan makunnin.

Sai dai gidanmu ba ya hayaƙi yanzu. Maƙwabcinmu Packie Ruddy ya leƙo a makon farko, ya ce, "Haba Nuala, ashe kuna da rai! Har na goge takalmin jana'iza." Na ce ya ajiye, shi za a fara sa wa. Muka yi dariya. Ban san abin ba na dariya ba ne.

Kin san babanki da yamma yakan taka zuwa fadamar da muke yanko tubalin baƙar ƙasar nan da muke busarwa mu hura wuta da ita. Ranar Talata bai dawo ba. Packie ne ya tsince shi can wajen gada, ya wuce ƙofarmu da nisa, ruwa ya jiƙa shi sharkaf. Packie ya ce, "Malachy, tsohon banza, ina zuwa?" Babanki ya ce gida. Packie ya nuna masa gidan. Babanki ya girgiza kai ya ce, "Wancan ba kowa a ciki. Dubi bututunsa, ba hayaƙi. Mutanen sun tafi Ingila."

Washegari da ya fita, sai na sa tubali biyu a murhu na kunna, na tsaya a bakin ƙofa. Hayaƙin ya tashi shuɗi-shuɗi, ya karkata wajen teku a hankali kamar mai tafiya cikin barci. Na hango babanki ɗan ƙarami a kan hanya. Ya ɗaga kai, ya tsaya, sannan ya miƙo ba ko waiwaye. Da ya iso ya shaƙi iska ya ce, "Nuala, kin ɗora shayi?" Rabon da ya kira sunana tun Kirsimeti. Tun ranar kullum sai na kunna, kullum kuma sai ya dawo.

Ranar Alhamis mutanen da kika turo za su zo toshe bututun. Na san gaskiyarki ce, ta nan ɗumin ke gudu, injin ya yi ta wahala. Na sa hannu a murhu, na ji yadda iska ke ja. Amma ni zan iya ƙara riga, Dervla. Kulle babanki a ɗaki ne ba zan iya ba.

Don Allah ki ba ni amsa kafin Laraba, a rubuce, don in karanta a hankali. In kin yarda a bar shi a buɗe, ki gaya musu da kanki, ni ba za su saurare ni ba. In kuwa kin ce sai an toshe, to ki faɗa mini abin da zan ɗaga sama babanki ya gani.

Ki shafa mini kan yara. Allah ya tsare ku.

Mahaifiyarki,
Nuala Gaughan