Madubin da Ya Yanke wa Kurma Hannu

Rahab Amos,
Bayan Tashar Mota, Funtua.
16 ga Maris, 1988.

Zuwa ga Mai Girma Sakatare,
Kwamitin Nunin Fasahar Madubin Nesa,
Funtua.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: HANA NI ISAR DA SAƘO GA YAYANA

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa. Karatuna aji huɗu ne, kuma ban taɓa rubuta wa babba takarda ba. A gafarce ni.

1. An yi shela cewa kwamitinku ya kafa talabijin ɗaya a Funtua, ɗaya a Malumfashi, mutum ya ga ɗan'uwansa kai tsaye amma babu murya, wai fasaha ce ta magana ba da baki ba. Yayana Atu kurma ne, yana aikin gona a Malumfashi, bai iya karatu ba. Alamun hannunmu na gida ne, bayan shi ni kaɗai na iya su. Mahaifiyarmu tana kwance tun watan jiya, kullum shi take tambaya. Ni ce mai jinya, ba halin tafiya. Sau biyu muka aika, ɗan aike ya kasa fahimtar da shi.

2. Ranar Litinin, 14 ga Maris, maƙwabcinsa Jibo ya kai shi wurin nunin. Ni kuma na yi layi awa uku. Da aka zo kaina, fuskarsa kaɗai na gani, daga haɓa zuwa sama. Ashe tun ranar buɗewa Malam Maitama, mai kula da na'urar, ya ɗaga kyamarorin duka biyu, ta nan da ta Malumfashi, domin hulunan manyan baƙi su fito da kyau, ya ɗaure su a haka.

3. Na roƙe shi a hankali ya sauke su. Ya ce nan ba kasuwa ba ce, kuma rashin kunya ne yarinya ta riƙa wurga hannu a gaban manya. Na ja baya don hannuna ya fito, ya ce na ƙetare layin allin da aka ja a ƙasa. Ya umarce ni in yi murmushi. Kunya ta kama ni, na yi. Atu ya gani, ya yi dariya, ya tafi yana zaton gida lafiya.

4. Ranka ya daɗe, ni ban san fasaha ba. Amma na san hula ba ta magana, komai kyan ɗinkinta. An ɗauko na'ura tun daga nesa don a yi zance ba da baki ba, sai ga shi bakin kaɗai take nunawa.

Don haka ina roƙo, kafin a rufe ranar Asabar, 19 ga Maris, a ba da umarnin sauke kyamarorin taƙi ɗaya, a sake ba mu minti biyu. Fuskar Atu tun ina goye na san ta. Hannuna nake so ya gani, tun Mama tana da rai.

Taku cikin ladabi da biyayya,
Rahab Amos.