Shelar farfaɗiya a kasuwar Belbeji

Belbeji, daren Litinin, daminar 1983

Har yanzu raina a ɓace yake. Likitan da aka turo daga Yamai binciken farfaɗiya a jikin yara ya sa mai shela ya zaga kasuwa, wai duk mai yaron da ke faɗuwa ya kawo shi asibiti. A kasuwa fa! Tun da safe na ce masa, "Likita, nan ba a kiran sunan ciwon nan a bainar jama'a. Gida gida ake bi, ta hannun tsofaffin mata." Ya ce kwana biyu kacal gare shi, ni kuma tafinta aka ɗauke ni.

Muka zauna har la'asar. Ba wanda ya zo sai Malam Idi baduku, shi ma wai ciwon baya. Na san ɗansa ya faɗa murhu bara. Wane uba ne zai tsaya a layi, gobe a hana ɗansa cin tuwo da sauran yara don tsoron yawunsa?

Da za mu tashi, likita ya rubuta wai ciwon ba shi da yawa a yankinmu. Ke nan ba za a aiko mana da magani ba.

Na shigo gida ina tsine masa a zuci, matata ta ce Ramatu ta sake faɗuwa a bakin rijiya. 'Yar cikina. Yini guda ina zaune kusa da mutumin nan, ni ma ban buɗe baki ba.