Ku Mayar Mana da Filin Cigiya

Zuwa ga Hajiya Shugabar kamfanin da ya sayi gidan rediyonmu,

Assalamu alaikum. Ranki ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan alheri. Ni makiyayi ne a gefen Paikon Kore, rediyo ba ta sauka daga kafaɗata.

Da aka ce an sassauta doka, kamfani ɗaya na iya mallakar tashoshi da yawa, kuma kun haɗa da tamu kun saye, na ce shi ke nan, an gama da mu. Sai kuka ba ni mamaki.

Na ɗaya, a da sai na hau tudu ina juya eriya kafin in ji magana. Yanzu har cikin kwari murya na fita sarai.

Na biyu, ba ku kori ma'aikata ba. Malam Iro mai karanta labarai har ƙiba ya yi, a muryarsa muke ji.

Na uku, shirin likitan dabbobi da kuka kawo ya ceci maruƙana daga gudawa. Wallahi na yaba, kuma ina faɗa a kasuwa.

Kukana ɗaya ne. Bayan labaran safe akwai filin cigiya. Wanda dabbarsa ta ɓata zai kai kamanninta, Malam Iro ya karanta da Hausa da Fulatanci, dillalan kara, wato kasuwar shanu, su sa ido. Yanzu a wannan lokacin ana haɗa duk tashoshinku da shiri ɗaya daga Maitama, can cikin birni, ana gaya mana inda motoci suka cunkushe.

Makon jiya saniyar 'yata Ladidi ta ɓata. Ranar sunan Ladidi mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta, ta ba ta ita tana 'yar maraƙa, kamar yadda mu makiyaya muke yi. Na je gidan rediyo, Malam Iro ya sunkuyar da kai ya ce filin ba ya hannunsa. Idan aka loda saniyar nan a mota zuwa kudu, Ladidi ba ta da sauran abin uwarta.

Ina roƙon ki mayar da filin, ko a gajarce. Kafin nan ga cigiyata, tunda ba ni da inda zan kai ta: fara ce, da baƙin tabo a wuya, ƙahon hagu ya karkace, kunnen dama a tsage.

Ban iya gaya wa Ladidi an soke filin ba. Kullum bayan labarai sai ta kara rediyo a kunne.

Allah ya ƙara miki ɗaukaka, ya sa albarka a tashoshinku.

Wassalam.

Sale Makiyayi,
Paikon Kore.